Mama, Yabon Jikarki Ya Faɗo Kaina

Zuwa ga mahaifiyata, Mama Saratu, wadda take hutawa wurin Ubangiji.

Gaisuwa mai yawa da ladabi, cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Na durƙusa na gaishe ki kamar yadda kika koya mini, ko da yake na san babu gidan wayar da yake kai saƙo inda kike. Ba zan tambayi lafiyarki ba, tunda can babu ciwon gwiwa, babu hawan jini. Mu nan Greensboro, a ƙasar Turawa, muna nan da rai, ni da yaran biyu. Matan zumuntarmu sun ce kowa ta kawo abin da za a buga a 'yar takardarmu ta wannan karo. Wasu sun rubuta shaida, wata ta rubuta yadda ake tuƙa tuwo da garin masarar ƙasar nan ba tare da ya yi gudaji ba. Ni na ce ke zan rubuta wa, su karanta in sun ga dama.

Maganar jikarki ce, ta farin. Tana dab da rasa abin da ta daɗe tana roƙon Allah a kansa, kuma wai maganar da na yi ce ta jawo. An ba ni ranar Lahadi mai zuwa in gyara. Ni kuwa, Mama, ban san ta inda ake gyarawa ba.

Bari in fara miki daga farko, tunda ba ki san wurin ba.

Cocin da muke zuwa yana kan hanyar Summerfield, inda gidaje suke da manyan filaye, wasu har da dawakai. Na Turawa ne tun asali. Mu baƙi mukan zauna a layukan baya ta hagu, ba don an ce mu zauna can ba, haka dai muka samu kanmu: mu 'yan Najeriya, da 'yan Meziko, da wasu mutanen kan dutse daga Biyetnam, da baƙaƙen fatar ƙasar nan 'yan kaɗan. Mu ne masu share ɗakin yara. Mu ne masu dafa shinkafa ranar bikin godiya, ana ci ana sa mana albarka. Amma idan dattawan ikilisiya suka zauna, ko aka hau mumbari, ba za ki ga fuska irin tamu ba.

Akwai wata dattijuwa a cikinmu, Mama Odessa, baƙar fata 'yar asalin garin nan, tsohuwar malamar makaranta. Ita ce ta yi shekaru tana damun dattawa har suka yarda aka kafa wani shiri. Za a riƙa ɗaukar matasa daga cikinmu 'yan tsiraru, a ɗauki nauyin karatunsu a makarantar tauhidi, a haɗa kowane da fasto ya riƙa koya masa aiki, har wata rana su ma su shugabanci jama'a. Abu ne mai kyau, kuma na faɗi haka a gaban kowa. Cocin da yake karɓar baikon mutum da guminsa amma ba ya renon 'ya'yansa su zama shugabanni, akwai tambayar da take jiransa a gaban Allah.

Jikarki ta nema. Bana take gama jami'a. Da ta gaya mini sai da na yi kwanaki ina juya abin, domin kin san a cocinmu na gida mace ba ta hawa mumbari. Sai na tuna ki a gindin tsamiyar bayan majami'a, mata sun kewaye ki, kina koya musu Maganar Allah da ka. Na kira ta na ce ta je, Allah ya ba da sa'a. Wannan da zuciya ɗaya na faɗa.

To, ƙa'idar kwamitin da yake tantance masu nema ita ce su zauna da mai nema tare da iyayensa. Tunda baban yara ya riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai ce. Na ɗaura atamfata mai kyau muka tafi. Ɗaki ne a ƙasan coci, da dogon teburi, da kofi, da shayin nan nasu mai sanyi da suke cika wa sukari. Fasto yana nan, Mama Odessa tana nan, da wasu Turawa da nake gani a sujada. Suka yi wa yarinyar tambayoyi, tana amsawa tiryan-tiryan, kanta a ƙasa kamar yadda ya kamata. Ina jin daɗi a raina, ban nuna ba.

Sai Fasto ya juyo wajena yana murmushi. Ya ce in gaya musu baiwar da Allah ya yi wa 'yata, da abin da yake sa ina alfahari da ita.

Mama, ki dubi wannan tambaya. 'Yar fari. A gaban baƙi. Tana zaune kusa da ni, gwiwarta tana taɓa tawa.

Na faɗi abin da za ki faɗa da ke ce. Na ce tana ƙoƙari. Na ce har yanzu yarinya ce, tana da taurin kai, ba ta iya tashi da wuri ba. Na ce in sun ɗauke ta su sa mata ido, su tsawata mata, kada su raga mata don suna ganin idona. Na ce na ba su ita amana. A wurinmu akwai abin da ya fi wannan? Uwa ta ɗauki 'yarta ta miƙa wa malamai ta ce ku gyara mini. Wani dattijo ya tambaye ni ko na gaskata Allah ne ya kira ta ga wannan aiki. Na ce Allah ne ya sani. Ba gaskiya ba ce? Na ga wata mata tana rubutu, na ga Mama Odessa ta cire tabarau tana goge shi da bakin rigarta, ta daɗe tana gogewa.

Yarinyar ce ta tuƙo mu gida. Da muka tsaya a jar wutar da take kusa da gidanmu sai ta yi magana. Da Turanci ta faɗa, a hankali, tana kallon gaba: "Mami, ko sau ɗaya ba ki kira sunana ba."

Na ce mata ta kula da hanya.

Bayan mako guda Fasto ya bugo waya. Ya ce sun ajiye maganarta tukuna. Wai sun lura gida ba ya bayanta, wai wataƙila a al'adarmu ban yarda mace ta yi shugabanci ba, kuma ba sa so su shiga tsakanin uwa da 'ya. Da ladabi ya faɗa, har yana ba ni haƙuri. Na riƙe wayar Turancina ya gudu. Washegari yarinyar ta haɗa jaka ta koma gidan Anti Ladi, shugabar zumuntarmu, can Pleasant Garden, wai can ya fi shiru don karatun jarrabawa. Kullum da safe tana bugowa ta gaishe ni. Da Hausa, da ladabi, ina kwana, ina gajiya, sai anjima. Kamar mai gaida maƙwabciya.

Ni dai ban ga inda na saɓa wa tarbiyya ba, kuma masu karanta wannan su ji da kyau. Na ga yadda ake renon yara a ƙasar nan. Yaro ya zana akuya ta fito kamar kujera, a manna a jikin firij, a kira dangi a waya. Har a bayan mota suke liƙa takarda wai ɗansu ya fi kowa a aji, duk wanda ya biyo su a hanya sai ya karanta. Yaro ya dubi tsoho cikin ido ya kira shi da sunansa gatsal. Ni kuwa a gidan kula da tsofaffi nake aiki, ina ganin ƙarshen abin. Tsohuwa za ta nuna mini hotunan 'ya'yanta, wannan likita, wannan lauya, tana yabo har ta gaji, ni ce dai mai canja mata zanin gado, ni ce mai riƙe hannunta ranar Kirsimeti. Yabo ba ya sa ɗa ya zama ɗa. Wannan ba zan janye ba.

Amma Mama, akwai abin da ban lissafa da shi ba, sai yanzu da gidan ya yi shiru.

Kin tuna ranar da hedimasta ya zo a kan keke ya ce na ci jarrabawar shiga sakandaren 'yan mata? Kina daka a tsakar gida. Ba ki ajiye taɓarya ba. Kika ce, "To. A ba shi ruwa." Ni ma 'yar fari ce, ban taɓa jin sunana a bakinki ba. "Ke" nake, ko "waccan". Amma kafin hedimasta ya gama shan ruwan, Kaka ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Ta ja hannuna gida gida, tana kiran sunana tana ƙara masa kirari, tana cewa jikarta za ta dawo da Turancin da zai sa di'o, Baturen mulki, ya cire hula. Gwaggo ta yi rawa da ludayi a hannu. Ranar tafiya na buɗe akwatin ƙarfe na tarar da sabon zane da sabulu da man shafawa, na leƙa turke na ga jar akuyarki ba ta nan. Ba ki ce komai ba, ni ma ban ce ba. Ban taɓa kwana da shakkar ko kina so na ba, domin abin da bakinki ya riƙe, akwai bakunan da aka ajiye su faɗa.

Haka kika yi wa tawa. Tun tana goye kike yawo da ita kasuwar Malumfashi kina tare mutane su ga idonta. Da ta fara haddace waƙoƙin sujada, ke kike tsayar da ita a kan turmi ta rera wa baƙi. Ni ina gefe ina cewa za ki lalata ta, kina cewa in yi aikina ki yi naki. Kaset ɗin da kika aiko mana shekarar da muka zo, rabinsa sunanta ne. Har yanzu yana nan cikin akwatina.

Wannan aikinki ne, Mama. Aikin kaka ne, da gwaggo, da matan unguwa. Ni na haye teku da shirun da kika ba ni, ban zo da masu guɗa ba. Yarinyar ta girma a ƙasar da kowa ake faɗa masa, ita kaɗai ba ta ji daga ko'ina. Ina ta sa mata sabulu a akwati ina tsammanin tana gani.

Ranar Asabar Mama Odessa ta zo gidan ba tare da ta bugo waya ba, abin da mutanen nan ba sa yi. Ta kawo wani abin zaƙi da suke gasawa da dankalin Hausa. Ta zauna a kicin, na zuba mata tuwo da miyar kuka, ta ci da cokali tana cewa miyar ta fi kamanninta daɗi. Sannan ta ce in gaya mata gaskiya, me nake da shi a kan yarinyar nan. Na yi mata bayani iyakar Turancina: 'yar fari, da kunya, da sunan da ba a kira, da aikin kaka. Ta saurara har ƙarshe.

Ta ce ta gane fiye da yadda nake zato. Ta ce lokacin da take ƙarama, a garin nan, baƙar fata ba ya zama ya ci abinci inda Bature yake ci, kuma uwarta ba ta taɓa yabon ta a waje ba, don tsoron kada a sa mata ido. Sai ta ture kwanon gefe ta ce, "Amma 'yar'uwa, a ɗakin can babu kaka. In ba ki faɗa ba babu mai faɗa, su kuma abin da suka ji shi suke rubutawa."

Ta gaya mini abin da ban sani ba. Tun farko akwai waɗanda suke cewa shirin ɓata lokaci ne, wai ba za a samu wanda ya shirya a cikinmu ba. Jikarki ce ta farko da ta kai gaban kwamiti daga cocinmu. In ta faɗi, masu wannan magana sun samu abin nunawa, kuma yaran da suke tasowa a layukan baya za su daɗe suna jira. Mama Odessa ce ta roƙa aka sake sa zama bayan sujadar Lahadi.

Na ce zan kawo kaset ɗinki a saka musu, yarinyar ta fassara. Ta girgiza kai. Na ce to Anti Ladi ta zo a matsayin gwaggo, tana da baki, za ta yi abin da ya fi wanda suke so. Ta ce Anti Ladi tana iya zuwa ta zauna, amma ni na bar musu shakka, ni za su ji. Da za ta tafi ta rungume ni, abin da ban saba ba, ta ce magana uku ma ta isa, in dai da sunan a ciki.

A wurin aiki akwai wata Hajiya Zalika, mutuniyar Maraɗi, shif ɗinmu ɗaya. Na ba ta labari lokacin hutun rana. Ban kai ƙarshe ba ta gane, domin ita ma ba ta kiran sunan babban ɗanta. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce na kashe yarinya da tarbiyya. Ta ja ni cikin motarta a wurin fakin, ta ɗaga gilasai, ta ce babu mai ji sai Allah. Ta gyara mayafi, ta kumbura murya ta ce, "Bon, to, ni ce faston. Madam, gaya mana halin 'yarki."

Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, yarinyar tana ƙoƙari.

Ta ce an kore ni, na gaba ya shigo. Muka sake. Ta ce in bar yabon, in kira sunan kawai, in rufe ido in ɗauka ina kiran mara lafiya ya zo shan magani. Mama, yini nake ina kiran sunayen tsofaffin Turawa, har da waɗanda harshe yake karyewa a kansu. Na sha rubuta sunanta a takardun makaranta da na asibiti, alƙalami ba baki ba ne. Amma a motar nan na rufe ido, na kama farkon sunan, sai na ji kamar an yaye mini zane a tsakiyar kasuwa. Hajiya ta daina dariya. Ta ce ita ma da za a sa mata wuƙa ba ta san ko za ta iya ba. Da lokacin hutu ya ƙare muka koma ciki.

To tunda ke ce, kuma ba kya ganin fuskata, bari in gaya miki abin da ba ki samu gani ba.

Da ciwon babanta ya yi tsanani a asibiti, Turanci ya bar shi, sai Hausa. Yarinyar nan da take amsa mini da Turanci tun tana firamare ta ɗauko littafinsa na sujada ta koya wa kanta karatun Hausa. Tana karanta masa tana karya kalmomi, yana gyara mata yana dariya, shi da ya daina yi wa kowa dariya. Da muryarta a kunnensa ya tafi.

Lokacin da ruwa ya ci New Orleans aka kawo wasu mutanen har nan, ita ta tara yaran coci, farare da baƙaƙe, suka bi gidaje suna karɓar barguna da tukwane. Wani dattijo ya ce ɗakin ajiyar coci ba na wannan ba ne. Ta tsaya a gabansa, kanta a ƙasa, muryarta ba ta tashi ba, ba ta kuma matsa ba, har ya zaro makulli ya ba ta. Ina bayan ƙofa ina ji. Taurin kan da na gaya wa kwamiti ke nan, ban dai gaya musu inda take kai shi ba.

Duk Laraba tana koya wa tsofaffin matan Biyetnam Turancin zuwa asibiti. Ba sa jin yarenta, ba ta jin nasu, amma in ta yi addu'a sai su riƙe hannunta su ƙi saki. In ana neman wanda Allah ya kira, ni ban san wata alama da ta wuce a ga mutane suna bin mutum ba tare da ya ce su bi shi ba. Na gaskata an kira ta. Tun tana kan turminki na sani.

Tashi da wuri kam har yau ba ta iya ba.

Kin ga hannu ya yi. Amma da Hausa na rubuta, kwamiti ba ya karanta Hausa. Yarinyar tana karantawa a hankali, da yatsa a kan layi, kuma ban sani ba ko Anti Ladi za ta bar takardar nan a kan teburin da za ta gani. Ban roƙe ta ba, ba zan kuma roƙa ba. Ranar Lahadi baki ake so, da Turanci, a ɗakin nan mai dogon teburi, gwiwarta tana taɓa tawa. Ina iya shiga da duk wannan a cikina, Fasto ya yi murmushi, in ji kaina ina cewa tana ƙoƙari. In haka ta faru sun rufe maganar ke nan. Ba za ta yi mini rashin kunya ba, na san wadda na rena. Za ta ci gaba da bugowa kullum da safe, ina kwana, ina gajiya, har ranar da za a rufe ni.

Mama, akwai abin da ban taɓa tambayar ki ba. Ke bai yi miki nauyi ba? In kin fita gona ke kaɗai, babu kowa sai dawa, kin taɓa kiran sunana ki ji yadda yake a bakinki? Ban samu zuwa jana'izarki ba, takarduna ba su fito ba a lokacin. Gwaggo ta gaya mini a waya cewa ranar ƙarshe kina ta duban ƙofa kina tambaya, "Waccan ta iso?" Na gane, Mama. Na ji shi kamar kin kira ni da cikakken sunana. Amma ni a gidanki na girma, an koya mini jin irin wannan. Ita babu wanda ya koya mata, kuma lokaci ya ƙure.

Ya Ubangiji, kai ka yi baki, kai ka yi kunya, ka san inda kowanne ya kamata ya tsaya. Ka ba mahaifiyata hutu a gabanka. Ka ƙara wa Mama Odessa kwana ta ga abin da ta shuka ya tsiro. Ka buɗe wa 'ya'yan layukan baya hanya zuwa gaba. Ni kuma ban roƙi iya magana ba. Ka sassauta mini harshe ranar Lahadi daidai tsawon suna ɗaya, sauran in sun zo sun zo. Amin.

Tun da aka haifi ƙaninta ake kirana Maman Ishaya, a gida da nan, ni ma da shi nake sa hannu. Yau bari in fara da wanda ya fi sauƙi, in ga ko hannu zai koya wa baki.

Ki huta lafiya, Mama.

Ni ce waccan, 'yarki ta fari,
Maman Rifkatu